Kansar hanta da ta wuce tiyata: wane maganin ciwon hanta B ya dace da majinyacinku?

Ranar da likita ya gama duba hoton cikin yayana, ya ajiye shi a kan tebur ya ce ƙarin ya yi rassa a ɓangarorin hantar biyu, ya kuma shiga babbar jijiyar jini, saboda haka maganar tiyata ba ta taso ba. Muka yi tsit. Sai ya jawo takarda ya rubuta magani guda, ƙwaya ɗaya kullum. Mahaifiyarmu, wadda tun shigarmu ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafinta ta ce, "Likita, wannan ɗin shi ne zai narkar da abin?" Ya ce, "A'a, Hajiya, wannan ba ruwansa da ƙarin. Ragowar hantar da yake da ita muke son tsarewa." A hanyarmu ta komawa gida ta ce da ni ita ba ta ga amfanin maganin da ba zai taɓa ciwon ba. Na daɗe kafin na samo mata amsa.

Amsar ita ce mai kansar hanta irin wannan ciwo biyu yake ɗauke da su. Ga ƙarin, ga kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B da ta yi shekaru talatin ko arba'in tana cin hantar a ɓoye, galibi tun daga haihuwa ko yarinta, har hantar ta yi tabo ta ƙanƙance. Da yawa daga masu wannan ciwo ba girman ƙarin ne yake kai su ƙasa ba, gazawar hantar ce: ciki ya tara ruwa, ido ya yi shawara, a yi aman jini, hankali ya rikice. Magungunan ciwon hanta B, irin wanda likitan ya rubuta, suna toshe sinadarin da ƙwayar cutar take amfani da shi wajen hayayyafa. Ba sa tumɓuke ta, domin tushenta yana nan kwance a cikin ƙwayoyin halittar hanta, shi ya sa idan an fara ba a dainawa. Amma suna kashe wutar da ke ƙone abin da ya rage. Idan ruwa ya zube ya bar tulu, an ce ya yi kyau, to tulun ake so a tsira da shi.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan kaifi. Likitocin hanta suna auna ƙarfin hanta da ma'aunin Child-Pugh, inda ake haɗa abu biyar: sinadarin shawara a jini, sinadarin gina jiki na albumin da hanta ke samarwa, saurin daskarewar jini, ruwan ciki, da rikicewar hankali. Maki 5 zuwa 6 shi ne aji A, 7 zuwa 9 aji B, 10 zuwa 15 aji C. Kusan duk magungunan da ke taɓa ƙarin kansa, a jikin 'yan aji A aka gwada su. Nexavar da aka amince da shi ga kansar hanta a 2007, Lenvima a 2018, haɗin Tecentriq da Avastin a 2020, duk haka ne. A babban gwajin da aka yi wa wannan haɗin na ƙarshe, ba a karɓi mai ciwon hanta B ba sai yana shan maganin ƙwayar cutar, kuma yawanta a jini ya sauko ƙasa da 500 a ma'aunin da ake amfani da shi. Wato wanda hantarsa ta zame daga A zuwa C, ƙofofin nan sun rufe masa ko da yana da kuɗin.

Na uku, maganin ƙarin da kansa yana iya tayar da ƙwayar cutar daga barci. An fi ganin haka a aikin da ake kira TACE, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa hanta, a zuba maganin kansa a jijiyar da ke ciyar da ƙarin, a toshe ta. A 2006 likitoci a Koriya ta Kudu sun raba majinyata 73 gida biyu kafin irin wannan aiki. Cikin 37 da ba a ba maganin ƙwayar cutar ba, 11 hantarsu ta kumbura saboda cutar ta motsa. Cikin 36 da aka ba, mutum ɗaya ne kacal. Tun daga wannan zamani maganar ko a bayar ko kada a bayar ta mutu. Abin da ya saura shi ne wanne za a bayar.

Kafin in shiga nan, bari in faɗi me ya sa batun ya fi shafar mu. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa asibitoci a Masar da Najeriya da Gana da Kamaru da Sudan da wasu ƙasashen Afirka, ya nuna cewa in an cire Masar, matsakaicin shekarun wanda aka gano yana da kansar hanta 46 ne, kashi 3 cikin 100 ne kawai suka sami maganin da ke taɓa ƙarin, kuma rabin majinyatan ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan ganowa. A Najeriya, ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta sami ciwon hanta B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya. To a wajenmu "ya wuce tiyata" ba labarin tsiraru ba ne, shi ne labarin kusan kowa, kuma sau da yawa wannan ƙwaya ɗaya ita ce kaɗai maganin da aljihun iyali zai iya kaiwa gare shi.

Tsofaffin magunguna ba sai mun daɗe a kansu ba. Lamibudin, wanda aka amince da shi ga ciwon hanta B a 1998, shi aka yi amfani da shi a gwajin Koriya da na ambata, kuma ya yi rawar gani a zamaninsa. Matsalarsa ƙwayar cutar tana saurin gane lagonsa: bayan shekara ɗaya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ta daina jin sa, bayan shekara biyar kusan kashi 70 cikin 100. Adefobir ba shi da ƙarfi kuma yana taɓa ƙoda. Allurar intaferon kuwa haɗari ce ga hantar da ta riga ta gaza. Saura uku ke nan: entekabir, wanda asalinsa ake sayarwa da sunan Baraclude, tsohon tenofobir, wanda za ku ga an rubuta TDF a kwalinsa, asalinsa Viread, da sabon tenofobir, TAF, asalinsa Vemlidy.

Wajen danne ƙwayar cutar, ga wanda bai taɓa shan wani magani ba, ukun nan kusan kunnen doki suke. Kada wani ya ruɗe ku da cewa mai tsada ya fi ƙarfi. Bambancinsu yana wajen abin da kowanne yake nema daga jikin majinyaci da kuma daga masu jinya.

TDF shi ne jakin gida. An fara amfani da shi ga cutar ƙanjamau a 2001, ga ciwon hanta B a 2008, miligiram 300 sau ɗaya a rana, ba shi da wata tsattsaurar ƙa'idar abinci. A gwaje-gwajen da aka bi mutane har shekara takwas zuwa goma ba a sami ƙwayar cutar da ta bijire masa ba, kuma yana aiki ko ga wanda lamibudin ya daina yi wa. Ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce farashinsa na sari a duniya dala 2.4 ne a wata, ko da yake ƙasashe 7 ne kawai cikin 26 da suka ba da bayani suke samun sa a wannan farashi ko ƙasa da shi. A kemis ɗinmu ba haka za ku saya ba, amma duk da haka shi ne mafi sauƙin kuɗi kuma mafi sauƙin samu.

Aibinsa ƙoda, sai ƙashi. Maganar ƙashi, gaskiya, ba ita ce abin damuwa ga mai kansar da ta yi nisa ba, tunda raunin ƙashin shekaru yake ɗauka kafin ya nuna. Ƙoda ce abin dubawa, kuma a nan ya kamata a tsaya. Mai lafiyayyar ƙoda zai sha TDF shekara da shekaru lafiya lau. Amma ku dubi halin majinyacinmu. Cikinsa ya tara ruwa, an ba shi maganin sa fitsari. Ba ya iya cin abinci ko shan ruwa sosai, ga zafin Afrilu. Za a ɗura masa ruwan rini a jijiya don ɗaukar hoto, ko don aikin TACE. Idan Allah ya hore aka sa shi a Lenvima ko Avastin, su ma suna sa hawan jini da yoyon sinadarin gina jiki ta fitsari. Kowanne daga waɗannan kaya ne a kan ƙodar, TDF ya zo ya zama ƙari a kai.

Mu mun ga wannan da idonmu. Yayana a kan TDF aka fara ɗora shi, ƙodarsa garau. Bayan wata biyu ciwon gefen dama ya hana shi barci, wani ƙaninmu ya je kemis ɗin unguwa ya ce, "Malam, a taimaka mana da mai ƙarfi, yaya ba ya runtsawa." Aka ƙullo masa diklofenak, safe da yamma. Ciwon ya lafa, kowa ya yi hamdala. Mako biyu bayan nan ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmin da yake zuwa masallaci da shi, fitsari ya ragu, gwajin kiriyatinin, wanda ke nuna lafiyar ƙoda, ya haura. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Likita ya kalli ledar maganin ya ce, "Alhaji, wa ya ba ka wannan?" Ya cire shi nan take, ya sauya TDF zuwa entekabir. Don haka ko wanne magani aka zaɓa, diklofenak da ibufurofen da danginsu ba na mai tabon hanta ba ne, balle wanda yake kan TDF. Farasitamol ba a wuce giram 2 a rana, in ciwon ya fi ƙarfinsa akwai mofin a hannun likita, kuma neman sa ba abin kunya ba ne.

Entekabir ya fito a 2005. Ga wanda hantarsa ke riƙe da kanta rabin miligiram ne a rana, ga wanda ta gaza ana ba da miligiram 1. Ba ya cutar da ƙoda ko ƙashi yadda TDF ke yi, amma ta ƙoda yake fita, saboda haka idan aikinta ya sauka ƙasa da 50 a ma'auni sai an rage shi ko an tazara shan, kamar yadda ake yi wa TDF. Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai, a ƙa'idojinta na 2017, ta ce a fifita entekabir ko TAF a kan TDF ga wanda ya haura shekara 60, ko mai raunin ƙashi, ko wanda aikin ƙodarsa ya gaza 60, ko mai wankin ƙoda. Wannan jeri ya isa ku gane inda majinyacinku ya faɗa.

Yana da sharuɗɗa biyu da mutane ke sakaci da su. Na farko tarihi. Wanda bai taɓa shan komai ba, kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai cutar ke bijire wa entekabir bayan shekara biyar. Amma wanda cutarsa ta riga ta bijire wa lamibudin, adadin ya kai kusan rabi. A ƙasarmu, inda mutum zai je ba da jini a ce masa yana da ciwon hanta, ya sha wata ƙwaya ta wata shida ya daina, ba ya ma tuna sunanta, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Ku bincika tsofaffin katunan asibiti, ku tambayi uwargida, ita ce ta fi riƙe irin wannan. Idan lamibudin ne, ku faɗa wa likita, domin hanyar ta koma wajen tenofobir.

Na biyu, a cikin da babu komai ake shan sa: awa biyu bayan abinci, awa biyu kafin na gaba. A takarda abu ne mai sauƙi. A ɗakin jinya kuwa, inda majinyaci ba ya iya cin fiye da ludayi uku, kuma Hajiya tana tsaye da kofin kunu duk bayan awa tana cewa "daure ka ƙara kaɗan, ɗan nan", samun awa huɗu ba komai a baki aiki ne. Mu dabarar da ta fisshe mu ita ce a ba shi da ruwa zalla da an idar da sallar asuba, koko sai ƙarfe bakwai da rabi. Dare ya riga ya biya awa biyun farko. Idan kun san gidanku ba za a iya kiyaye wannan ba, ku faɗa tun farko, kada a sha magani jiki bai karɓa ba.

Akwai kuma gargaɗi ga wanda hantarsa ta yi mummunar gazawa. A 2009 likitoci a Jamus sun ba da rahoton majinyata 16 masu tabon hanta da aka ba entekabir, 5 jininsu ya yi tsami mai haɗari, kuma dukkan biyar ɗin na can ƙarshen ma'auni ne. Ba dalilin ƙin maganin ba ne, dalili ne na cewa ɗan aji C a gaban likita ake fara masa, kuma idan numfashi ya fara sauri da zurfi ga amai da kasala, asibiti za a nufa a daren.

TAF shi ne auta, 2016, miligiram 25 tare da abinci. Tenofobir ne da aka yi wa sabuwar riga, yadda zai isa cikin hanta ba tare da ya yi yawo da yawa a jini ba, shi ya sa ƙoda da ƙashi suke samun sauƙi. Ba a rage shi muddin aikin ƙoda bai sauka ƙasa da 15 ba, kuma yana aiki ga wanda lamibudin ya daina yi wa. Ga mai raunin ƙoda da ya taɓa shan lamibudin, babu kamarsa. Ga wanda za a yi wa TACE sau da yawa, ko mai ciwon suga da hawan jini, shi ma zaɓi ne mai kyau. Yana ɗan ƙara ƙiba da kitsen jini, wanda ga mai kansa ba abin tada hankali ba ne.

Sai dai inda aka fi buƙatarsa nan ne hujjarsa ta fi ƙaranci. Takardar kamfanin da ke cikin kwalinsa a Amurka ba ta ba da shawarar a ba 'yan aji B da C ba, ko da yake wasu ƙwararru suna bayarwa idan ƙoda ta matsa. Sannan ba ya shiri da rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin da fenobabiton, domin suna rage shi a jini. A yankin da tarin fuka ya yi yawa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga tsada, ga shi yau akwai gobe babu a wajen manyan birane.

Za ku iya cin karo da maganar cewa tenofobir ya fi entekabir hana kansa. Tushenta wani bincike ne daga Koriya ta Kudu a 2019, na mutum sama da 24,000, da ya ga kansar ta fi ƙaranci ga masu shan TDF. Wasu binciken, daga Koriyar kanta da kuma Turai, ba su ga bambanci ba, kuma har yau ana ja-in-ja. Abin lura, waɗancan mutane ne da ba su kamu da kansar ba tukuna. Akwai kuma rahotannin da suka karkata ga TDF wajen hana ƙari dawowa bayan tiyata, nan ma ba halinmu ba ne. A ganina, wanda ƙodarsa ke tangal-tangal bai kamata a bar shi a kan TDF saboda wannan muhawara ba.

Gwaji ɗaya ne ba na yarda a tsallake kafin ƙwayar farko: na ƙanjamau. Duka ukun suna taɓa ƙwayar ƙanjamau, kuma idan aka ba mai ita ɗayansu shi kaɗai, sai ta koyi bijire wa magungunanta. Wanda aka samu da cutukan biyu, haɗin maganin ƙanjamau na TLD da ake bayarwa a asibitocin gwamnati ya ƙunshi TDF da lamibudin, ya ɗauke duka biyun. Idan daga baya aka ce za a cire masa TDF saboda ƙoda, a tuna wa likitan cewa akwai ciwon hanta B, don kada a bar shi da lamibudin kawai. Gwajin yawan ƙwayar cutar hanta a jini kuwa yana da amfani amma yana da tsada, kuma ba dole sai an jira shi ba: ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 sun ce duk mai tabon hanta a ba shi magani ko nawa ne yawan. Ƙa'idojin sun kuma yarda da haɗin TDF da lamibudin a ƙwaya ɗaya inda ba a samun TDF zalla cikin sauƙi.

Idan aka tambaye ni, ga yadda nake kallon abin. Magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ƙodarsa lafiya, cikinsa bai tara ruwa ba: TDF, a riƙa duba kiriyatinin akai-akai, musamman kafin da bayan duk hoton da za a ɗura rini. Kuɗin da aka rage a nan za a neme shi a wani wajen. Wanda ciki ya kumbura, yana shan maganin sa fitsari, ko dattijo, kuma bai taɓa shan lamibudin ba: entekabir. Wanda ƙoda ta yi rauni kuma ya taɓa shan lamibudin, ko gidan da ba za a iya tsare ƙa'idar ciki ba komai ba: TAF, in ba ya shan maganin tarin fuka. Hukuncin ƙarshe na likitan hanta ne da ya ga sakamakon jini, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma zai fi yanke shi daidai idan kun je masa da ledar duk abin da majinyaci yake sha, har da jiƙo da sassaƙen da 'yan dubiya suke kawowa, waɗanda su ma ta hanta da ƙoda suke bi.

Abin da ya fi duk bambancin nan nauyi shi ne yankewa. Duka ukun suna ɗauke da gargaɗi a kwalinsu cewa idan aka daina, cutar tana iya dawowa da ƙarfi ta kumbura hanta. Mai cikakkiyar hanta yana iya tsallakewa, wanda rabin tasa ƙari ne rabi tabo ba shi da abin karɓar wannan bugu. Saboda haka kafin ku amince da TAF, ku ƙirga ko za ku iya sayen sa wata shida a jere ba tare da an sayar da akuya ba, kuma ku tabbata akwai aƙalla wuri biyu da ake samun sa. Idan amsar ba tabbas, ku faɗa wa likita ƙarara a ranar, ya san yadda zai daidaita TDF ko entekabir da ƙodar. Idan wanda ake sha ya yanke a kasuwa, ana iya komawa wani cikin ukun da sanin likita, amma kada mai kemis ya miƙo lamibudin ya ce ai duk ɗaya ne. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa a kwali. Mu a gidanmu kwalba biyu muke ajiyewa a kan firji, ranar da aka fasa ta biyu, ranar ake aika kuɗin wata.